Bindigar farautarka ta fara kuskure? Ga yadda ake gano inda matsalar take

Duk shekara in kaka ta wuce, aka ida kwashe gero da dawa, mafarauta suka sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina, sai ka fara jin koke iri ɗaya a majalisa daga nan Katsina har Daura, wai bindigar da ba ta kuskure yanzu ko zabo ne tsaye gabanta sai ta watsa ma mai ita ƙasa a ido. Wani ya ce hannu aka sa mata, wani ya ce naman dajin ne ke da kau-da-bara, wani kuma bai tsaya wata-wata ba ya kama murɗa saiti hagu da dama sama da ƙasa har ya manta inda yake tun farko. Na ukun nan shi ya fi ba ni tausayi don shi ke mai da ƙaramar matsala babba.

Kuskuren bindiga iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wadda ke tara harsasanta wuri ɗaya amma ba inda ka nufa ba, wannan aikin ɗan lokaci ne, saiti kawai za a gyara. Akwai kuma wadda ke watsa su, wannan nan wancan can, ita ko ka kwana kana murɗa saiti ba abin da zai canza, dole sai an nemo abin da ke motsi ko abin da ke canzawa tsakanin harbi da harbi. Saboda haka kar ka taɓa saiti sai ka ga hudojin sun taru tukun.

Kafin komai dai, maganar nan ta mai lasisi ce. Dokar bindigogi ta 1959 har yanzu ita ake aiki da ita, raifil ta farauta da singil barel da dabul barel har da bindigar iska duk sai da takardar 'yan sanda, bindigar toka ma ba haka nan ake riƙe ta ba, tata takardar daga kwamishinan 'yan sanda na jiha take fitowa. Kuma kowa ya san halin da muke ciki a jihar nan, ƙarar bindiga ɗaya a bayan gari ta isa ta sa mata su kwashi yara a guje ko ta jawo maka 'yan C-Watch, wato jami'an sintiri na gwamnatin jiha, a kan babura, don haka ka fara zuwa wajen mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinku ka ce rana kaza da safe zan gwada bindiga a wuri kaza. Wurin ma ka zaɓe shi da hankali, ka samu gangaren kwari ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini inda bayan kwalinka tudun ƙasa ne mai laushi wanda ya fi tsawon mutum. Ban da dutse, ban da saman ruwa, harsashi na tsalle a kansu ya tafi inda ba ka aike shi ba. Ɗan ƙaramin harsashin raifil ɗin nan na .22 da ake rainawa yana iya tafiya fiye da kilomita 1.5, kuma a dajinmu ba ka raba bayan kowace sabara da makiyayi ko mai itace.

Gwajin kwali

Ka samo kwalin taliya ko na Indomie guda uku ko huɗu ka buɗe su, ka diga baƙin ɗigo a tsakiya da maka, ka zo da tef na awo da biro da buhu biyu da ka zuba ma rairayi rabi-rabi. Nisa kuma a auna shi da tef, ba da "ai zai kai" ba. Bindigar iska mita 20 zuwa 25, .22 mita 50, babbar raifil mita 100. Ka je da sassafe kafin iska ta tashi, don iskar hunturu mai gudun kilomita 16 a awa in ta bugo daga gefe tana iya kautar da harsashin .22 santimita 10 ko fiye a mita 100, sai ka ɗora ma bindiga laifin da ba nata ba. Da bazara kuma in rana ta take, kawalwalniya ke sa ɗigon ya riƙa rawa a madubin saiti da ake ɗorawa kan bindiga, nan ma gwajin banza ne.

Ka zauna ko ka kwanta rub da ciki, buhu ɗaya ƙarƙashin katakon gaba, ɗaya ƙarƙashin gindi. Katakon nake cewa, ba bututun ba. Mutane da yawa sun saba ɗora bututu kan reshe ko dutse ko sirdin babur, kuma bututu in harsashi na wucewa cikinshi girgiza yake yi, in ya dafa abu mai tauri sai ya yi tsalle, yawanci harbin ya tafi sama. Ka harba biyar a ɗigo ɗaya, da harsashi daga kwali ɗaya, kana hutawa kamar minti guda tsakani, kuma ko ka ga na farko ya tafi can gefe kar ka ce bari in ɗan kauce in cike gurbin, ka ci gaba da nufar ɗigon nan dai. Uku ba su isa ba, sa'a kaɗai na iya haɗa uku wuri ɗaya. In ka gama ka rubuta a jikin kwalin: kwanan wata, nisa, irin harsashi, abin da ka canza in akwai.

Yanzu tsaya ka karanta kwalin da kyau don shi ne zai faɗa maka gaskiya. In hudojin sun taru yadda murfin kwalbar lemo zai rufe su a mita 25 ga bindigar iska, ko cikin santimita 3 zuwa 5 a mita 100 ga raifil, bindigarka lafiya lau take, tsallaka can ƙasa wajen gyaran saiti. In sun jeru a tsaye, na farko ƙasa na biyu sama da shi na uku sama da wannan, ka zargi zafin bututu ko katako da ke taɓa shi, ko numfashinka, ko harsasan da ƙarfinsu ba ɗaya ba. In sun jeru a kwance, iska ce ko yadda kake jan kunama, ko noti ya saki. In ka ga gida biyu, uku nan biyu can kuma kowane gida a tare, wannan kusan kullum wani abu ne ke zamewa ya dawo, mazaunin madubi ko cikin madubin kanshi. In kuma hujin ba zagayayye ba ne, ya yi tsawo alamar harsashin da gefe ya shiga, to ba ya juyawa yadda ya kamata kenan, ko dai tsagin cikin bututun ya cinye ko kuma harsashin bai dace da bindigar ba.

Fara da kanka

Wannan shi ne wurin da ba a so a ji. Ka ba wani da aka san hannunshi da kyau ya harba biyar a sabon kwali, da bindigarka da harsashinka. In nashi sun taru naka sun watse, tau an gama shari'a.

Abin da ya fi cin maharba shi ne zabura. Bindiga mai shuri in ta daki kafaɗarka sau da yawa, jiki na koyon kare kanshi, kafin ta tashi ka riga ka runtse ido ka tura kafaɗa ka fizgi kunama, kuma kai ba za ka taɓa ji ba don ƙarar ta rufe komai. Yadda ake kama shi: ka juya baya abokinka ya riƙa ɗura maka, bakinta na kallon tudun ƙasa, wani zubin ya sa harsashi wani zubin ya sa kwanson da aka riga aka harba, ba tare da ka sani ba. Ranar da ka ja kunama ta ce ƙyas babu komai, ka ga bakin bindiga ya yi sujada, ba sai an yi maka bayani ba. An yi ma wani dattijo haka a gabana, mutumin da ya shekara da shekaru yana farauta, da bakin ya duƙa sai yaron da ke ɗura mashi ya sunkuyar da kai ya ce "Baba, kamar dai ta ɗan yi ƙasa," shi kuma ya yi shiru can ya ce "sake sa mani, ɗan nan." Maganinshi atisaye ba harsashi, ka tabbatar ba komai ciki, ka sa kwanson banza don kar allurar da ke bugun harsashi ta ci bakin ɗakin da harsashi ke zama musamman a .22, ka ɗora kwabo kan bututu ka riƙa jan kunama a hankali har sai ta faɗa kwabon bai faɗo ba. Ka toshe kunne kuma, rabin zaburar nan tsoron ƙara ne, ga shi kana ceton jinka. Amma bindigar iska mai sifirin ba a yi mata wannan atisayen, harbinta ba dalma a ciki lalata ta yake.

Kunama da tsokar gaɓar farko ta manuni ake jan ta, kai tsaye baya, kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Ka fitar da rabin numfashi ka tsaya, in ka wuce daƙiƙa bakwai ko takwas ba ka harba ba ka sauke ka sake, don daga nan ido ya fara yaudara. Bayan ta tashi kar ka ɗaga kai kana leƙen ko ka samu, bar kuncinka inda yake. Kuncin ma wuri ɗaya zai riƙa zama kowane harbi, kuma kar ka karkata bindigar, in ta kwanta dama kaɗan harbin zai tafi dama ya kuma yi ƙasa.

Sai ido. Miƙa hannu biyu ka yi ɗan huji tsakaninsu ka kalli wani abu nesa da ido biyu, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya, idon da abin ya tsaya cikin hujin shi ne mai mulki. Akwai masu harbi da kafaɗar dama alhali idon hagu ke mulki, a raifil rufe ido ɗaya ya wadatar amma a singil barel da ake harbin tsuntsu a sama da ido biyu wannan kaɗai na sa mutum ya yi ta wuce gefe shekara da shekaru. Wanda ya haura 40 kuma ya ga ƙwayar saitin gaba ta fara dishi-dishi, ba bindiga ba ce, asibitin ido zai je. A saitin ƙarfe ƙwayar gaban ce ya kamata ta fito tar, naman ya ɗan yi hazo ba komai.

Notuna da madubi

In kai ka fita, sai notuna. Ka cire harsashi, ka duba da ido ka duba da yatsa, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya: biyun ko ukun da suka riƙe ƙarfe da katako, na mazaunin madubi, na zobban da suka rungume shi. Hanyoyin ƙauyukanmu a kan babur, bindiga rataye a baya tana jijjiga tun daga gida har daji, ba notin da ba zai saki ba. Ga kuma hunturu da ke busar da katako ya tsuke, notin da ka ɗaure tam a watan Agusta zuwa Janairu sai ka iske shi yana juyawa da yatsa. A ganina in aka kawo bindigar da ta fara watsi dare ɗaya, nan ne wurin farko da za a duba, kuma sau da yawa nan maganar ke ƙarewa.

Ka yi amfani da sukundireba ko alanki da ya zauna daidai, ba wuƙa ba. Kuma ba da ƙarfin tsiya ake ɗaurewa ba, zobban madubi in ka matse su fiye da kima sai su lotsa jikinshi su danne kayan ciki, garin neman gira a rasa ido. Ka riƙe alankin ta gajeren gefenshi da yatsu, ka ɗaure a gicciye kaɗan-kaɗan har tazarar gefen zobe ta zo daidai hagu da dama. Ɗigon jan farce a zaren notin mazauni na hana shi warwarewa kuma gobe zai kwantu, sufa gulu kau kar ka kuskura. Da ka gama ka ja layi da fensir a jikin madubin daidai bakin zobe, in bayan harbi ashirin layin ya matsa ka san yana zamewa.

Shi madubin kanshi ga yadda za ka tuhume shi. Kafa bindigar kan buhu kar ka taɓa ta, ka leƙa ka riƙa motsa kai kaɗan hagu da dama, in gicciyen ciki na yawo a kan ɗigon to duk sanda kuncinka ya sauya wuri harbin ma zai sauya. Madubai da yawa na manyan raifil an daidaita su ne don wajen mita 100, in ka ɗora irinsu a bindigar iska kana harbi a mita 20 dole ka ga wannan yawon. In yana da zoben gyara a gaba ko a gefe ka murɗa har yawon ya tsaya, in babu sai ka lizimci aje kunci wuri ɗaya. Sannan ka gwada murɗinshi: harba uku, ka murɗa ƙyas 20 dama ka harba uku, 20 sama, 20 hagu, 20 ƙasa, na ƙarshen ya kamata su faɗa kan na farko. In ba su dawo ba cikin ya mutu. Hanya mafi sauƙi ma, in bindigar na da saitin ƙarfe, cire madubin gaba ɗaya ka harba biyar, in sun taru ka san ɓarawonka. Madubin araha da ake saidawa a intanet da hoton soja a kwalin, gaskiya saitin ƙarfe mai kyau ya fi shi sau nawa.

Katako da bututu

Ka san yadda ƙofar katako ke yi, da damina ta kumbura sai ka sa kafaɗa kafin ta rufu, da hunturu ta tsuke har ƙura na shigowa ta gefe. Ƙotar bindiga ma haka take, kuma yanayinmu na nan ya fi na wurare da yawa tsanani wajen wannan, daga laimar Agusta zuwa bushewar Janairu. In katakon gaba ya murɗe ya fara tura bututu ta gefe ɗaya, harbi zai kauce, kuma yana ƙara kaucewa yadda bututun ke ƙara zafi. Ka ɗauki takardar naira ashirin ka zagaya ta ƙarƙashin bututun ka ja ta baya zuwa gindi. A raifil ɗin da aka ƙera bututunta ya tsaya shi kaɗai, takardar za ta wuce sumul, in ta cije a wuri ɗaya musamman ta gefe guda to nan ne. Amma lura, akwai waɗanda kamfani da gangan ya bar ma ɗan tudu a can ƙarshen katakon yana tallabe bututun daga ƙasa, wannan ba cuta ba ce kar ka kankare shi. Inda ya cije ta gefe kawai za a ɗan goge da samfefa a nannaɗe jikin ɗan itace, kaɗan ka gwada kaɗan ka gwada, sannan a shafe wurin da banish don kar ya sake shan laima. Ka duba tsagewa kuma a wuyan ƙota bayan kunama, ƙota mai tsaga ba ta saiti kuma wata rana a hannunka za ta rabu.

Cikin bututu kau, kafin harbin farko na shekara dole ka leƙa shi ta baya ka ga haske ya fito zagayayye. Bindigar da ta yi wata uku-huɗu rataye a bango, zanzaro na son bakinta ƙwarai, zai kawo laka ya gina ɗakinshi kamar tsawon gaɓar yatsa daga ciki, daga waje ba abin da za ka gani sai ɗan jan ƙasa a gefen baki in ka lura. Harbi a kan wannan na kumbura bututu ko ya fasa shi. Ɗan salatif a baki lokacin ajiya ya raba ka da wannan. Haka in ka harba ka ji ƙarar ta fito a raunane, tsaya, wataƙila harsashin ya maƙale a ciki, kar ka bi shi da wani. In kuma ka ja ba ta tashi ba, bar bakinta na kallon tudu ka ƙirga talatin kafin ka buɗe.

Wanki daga baya ake yin shi zuwa gaba, da igiya mai ƙarfi da ɗan ƙyalle ko sandar wanki mai rufi da burushin tagulla. Rodi da sifok ɗin keke da waya duk ba su shiga bututu. Dalilin shi ne bakin nan na ƙarshe inda harsashi ke rabuwa da bindiga, in ya samu ɗan tabo a gefe ɗaya iskar da ke bayan harsashin sai ta riga fita ta nan ta ture shi. Ka zagaya audugar goge kunne a bakin, in zare ya kama akwai tabo. Ko bayan harbi ka kalli baƙin hayaƙin da ya fito a fuskar bakin, in ya yi tauraro daidai ko'ina lafiya, in ya fi yawa a gefe ɗaya akwai magana. Gyaran wannan na ƙwararren maƙeri ne da ya san aikin bindiga kuma yake da izini, ba na fayil a tsakar gida ba. Lokacin da kake jan ƙyallen ka saurari hannunka, in yana tafiya da tauri sai ya zo wani wuri ya saki sannan ya sake kamawa, bututun ya kumbura a nan, a daina harbi da ita.

Mai kuma kaɗan ne. Man gyaɗa da manja daskarewa suke su zama danƙo, baƙin mai na tara ƙura, in ba man bindiga to man keken ɗinki ya fi. Kafin fita ka goge cikin ya bushe, kuma ka sani harbin farko ko biyu bayan wanki sukan faɗa wani wuri daban, saboda haka ba ranar farauta ake wanki ba, a wanke a harba biyu-uku sannan a duba saiti.

Harsashi

Kowace bindiga da abin da take so, biyu 'yan kamfani ɗaya ma sai ka iske wannan ta fi son wani iri. Matsalarmu ita ce tsintar harsashi, uku na wannan kamfani biyu na wancan, wani ya shekara goma a aljihun 'yar shara ya yi kore, duk a zuba a jaka ɗaya. Nauyi daban gudu daban, ta ina za su faɗa wuri ɗaya? Ka gwada iri biyu ko uku kowanne a kwalinshi, wanda ya fi taruwa ka tsaya a kanshi ka yi saiti da shi, ranar da ka canza iri ka sake gwaji. Ka aje su inda ba laima, kuma kar ka bar su a rana cikin but ɗin babur ko gaban mota, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 albarushi ƙarfi yake ƙarawa harbin ya tashi sama. Ka san faɗuwar harsashinka kuma, .22 da aka saita a mita 50 yana sauka wajen santimita 15 zuwa 20 a mita 100, wanda bai san haka ba sai ya ce bindiga ta gaji alhali nisa ne bai iya kintata ba.

Bindigar iska mai karyawa, irin su Diana da Gamo, halinta daban ne da duk abin da na faɗa kan riƙo. Sifirin ɗinta na gama tsalle ne kafin dalmar ta fita, tana bugawa baya ta bugo gaba, saboda haka in ka ƙanƙame ta ko ka ɗora ta kan abu mai tauri sai ta watsa. A tafin hannu a buɗe ake aje ta, wuri ɗaya kullum, kafaɗa sako-sako, a bar ta ta yi motsinta. Bugun nan biyu shi ke kashe madubin da ba don ita aka yi shi ba, ko da na babbar raifil ne. Ka duba robar da ke bakin ɗaki inda ake sa dalma, ka ɗora 'yar takardar tishu a wurin ka harba, in ta tashi iska na zurarewa, canza robar. Notin da bututu ke karyewa a kanshi in ya saki har bututun na kaɗawa gefe, ɗaure shi. Kar ka ɗiga mai a ramin iska wai don ta ƙara ƙarfi, man kamawa yake da wuta, za ka ji ƙara da hayaƙi ka ɗauka abin kirki ne alhali sil kake ƙonawa, wato robar da ke tare iska a ciki, kuma ba harbi biyu da za su zo ɗaya. Dalmar da gindinta ya lotse ka zubar, mai milimita 4.5 ce ko 5.5. Masu tara dalma a baki suna tofowa ɗaya-ɗaya kuma don Allah ku bari, guba ce, mun ga abin da dalma ta yi ma yara a Zamfara a 2010.

Singil barel da dabul barel ba a neman su tara wuri ɗaya, shimfiɗar ake dubawa. Ka liƙa babbar takarda, ka harba daga mita 36, ka zana da'ira mai faɗin santimita 76 inda ƙwayoyin suka fi yawa. Mai matsattsen baki takan zuba kusan kashi 70 cikin 100 a ciki, mai sakakken baki wajen kashi 40. Abin dubawa biyu: tsakiyar shimfiɗar tana inda ka kalla, kuma akwai gibin da fakara za ta bi ta wuce? In kullum tana sama, kanka ne ke ɗagowa daga ƙota ko ƙotar ta yi maka tudu. In akwai gibi canza katirij. Ka shafa bututun kuma ka ji ko ya lotsa. Bindigar toka kau ba ta da tsagi a ciki, iyakarta kusa ce, kuma ƙara mata albarushi ba ya ƙara mata saiti, yatsun maharba da yawa a nan suka tafi.

Gyaran saitin

To yanzu da suka taru sai a kai su inda ake so. Ka nemo tsakiyar hudojin biyar, ba wanda ya fi kusa da ɗigo ba, ka auna tazararshi da ɗigon a kwance da a tsaye. Buɗe murfin murɗin ka karanta abin da aka rubuta. Mafi yawa 1/4 MOA ne, wato ƙyas ɗaya na matsar da harbi wajen milimita 7 a mita 100, milimita 3.6 a mita 50, ƙasa da milimita 2 a mita 25. Wasu kuma santimita 1 ne a mita 100. Misali a mita 50 tsakiyar ta faɗa santimita 4 hagu, santimita 3 ƙasa, sai ka yi ƙyas 11 wajen da kibiyar R ta nuna, 8 wajen UP. Kibiyar inda harbin zai koma take nunawa. A saitin ƙarfe, na baya ake turawa wajen da kake so harbin ya koma, na gaba kuma akasin haka. Ka sake harba biyar a sabon ɗigo, ka bari bututun ya huce sarai ka ƙara ɗaya, don wannan na sanyin shi ne irin wanda za ka yi a daji.

Duk cikin aikin nan abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda a harba a rubuta. In ka ɗaure noti ka wanke bututu ka canza harsashi duk zama ɗaya, ko ta gyaru ba ka san me ya gyara ta ba, baɗi ka sake komawa gidan jiya. Kunama kuma in ta yi tauri ko tana jan ƙafa, wankewa kawai ne naka, kar ka sa mata fayil, kunamar da aka goge a gida ita ce ke tashi da kanta in bindiga ta faɗi. In ka bi duk waɗannan, wani ma ya harba, harsashi iri uku duk suna shiga da gefe, ka leƙa ka ga tsagin ciki ya shafe ko tsatsa ta yi ramuka, bututun ya ƙare. Sai dai a canza shi wajen mai izini in ana samu, in ba a samu ka kai ta ofishin 'yan sanda da takardarta a rubuta ka miƙa, kar ka sayar ma wanda ba ka san inda za shi da ita ba.